Ɗigon Jini Ɗaya, Tambaya Dubu: Labarin Injin da ke Jera Furotin da Sauti

Duk wanda ya zauna a ƙasar Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ya san abin da ke biyo bayan ruwa idan ya zauna. Da zarar gero ya fara fitar da kai, kududdufai suka cika, sai zazzaɓi ya shigo gari. Malamin makaranta yakan ga alamarsa a rajistar ajinsa tun kafin malamin asibiti ya faɗa, domin layin waɗanda ba su zo ba sai ƙara tsawo yake yi daga Agusta har zuwa Oktoba. Amma akwai wani abin mamaki da muka saba gani har muka daina mamakinsa. Sauro ɗaya ne ke cizon uba da ɗansa a ɗaki ɗaya, uban ya tashi da safe ya ɗauki fartanyarsa, ɗan kuwa ya kwanta jiki kamar wuta. Me uban ya mallaka wanda ɗan bai samu ba tukuna? Amsar tana cikin jini, kuma masana sun daɗe suna neman hanyar karanta ta. Ɗaya daga cikin dabarun da suka ƙago domin wannan karatu ita ce jera furotin a kan allon gilashi, har ta kai yanzu ana yin jerin da sauti, ba tare da wani ƙarfe ya taɓa ruwan ba.

Dogarawan jini

Kafin mu kai ga injin, wajibi ne mu san abin da yake jerawa. Furotin yana cikin manyan abubuwan da aka gina jikin mai rai da su, shi ne a cikin tsoka, da wake, da farin ƙwai. Idan aka warware shi sai a tarar kamar carbi ne mai tsawo, an shirya shi da duwatsu iri 20, waɗanda masana ke kira amino asid. Yadda aka jera duwatsun nan shi ke bambanta wannan furotin da wancan, kamar yadda jerin haruffa ke bambanta kalmomi. Guntun carbin, mai duwatsu goma ko goma sha biyar, shi ake kira feftaid. Malaman lissafi suna iya ba yara wannan su gwada: idan duwatsu iri 20 ne, guntu mai duwatsu biyar kacal ana iya shirya shi ta hanya 3,200,000.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wadda likitoci ke kira falsifarum, ita ma da furotin aka gina ta. Sa'ad da aka gama karanta ƙwayoyin gadonta a 2002, sai aka tarar tana da furotin iri fiye da 5,000. Idan ta shiga jikin mutum, jiki yakan ƙera waɗansu 'yan tsaro ya sake su cikin jini, bari mu kira su dogarawan jini. Kowane dogari fuskar ɓarawo ɗaya tak ya sani, watau wani ɗan gefe na furotin ɗaya, in ya gamu da shi sai ya cafke. Baligin da ya sha cizo shekara da shekaru ya tara dogarai iri iri, yaro kuwa bai tara ba. To, a cikin wannan runduna, waɗanne ne ke tsare mutum da gaske, waɗanne ne kuma 'yan rakiya kawai? Wanda ya san wannan ya kama hanyar yin allurar rigakafi mai ƙarfi.

Abin da aka yi a Garki

Ba a nesa aka fara neman amsar ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani babban bincike a gundumar Garki, maƙwabciyar Babura, a zamanin tana cikin Jihar Kano. Aka zaɓi ƙauyuka 22 ana bibiyar mutanensu ɗaya bayan ɗaya, har da Sugungum da Rafin Marke, ana ɗibar ɗigon jini kowane mako goma ana dubawa da madubin likita. Aka tarar a waɗansu ƙauyukan mutum yakan sha cizon sauro mai ɗauke da cutar fiye da sau ɗari a shekara. A 1972 da 1973 aka fesa maganin sauro a ɗakuna, a waɗansu ƙauyuka kuma aka haɗa da raba ƙwayoyin magani ga kowa da kowa. Cutar ta ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma ba a yanke ta ba, da aka daina aikin sai ta komo.

Ma'aikatan Garki sun auna dogarawan jini ma, suka ga inda aka tsare mutane daga cutar dogaran nan raguwa suke yi, watau garkuwar jiki abu ce da sai ana ta sabunta ta. Sai dai gwaje-gwajen da ke hannunsu ba su kai goma ba, kuma da ƙwayar cutar sukutum suke gwadawa, ba furotin ɗai ɗai ba. Misalinsu kamar mai ƙidayar dogarai ne a ƙofar fada, ya san yawansu, amma bai san wanda ya kama wane ɓarawo ba. Likitoci biyu, Molineaux da Gramiccia, suka tattara sakamakon a littafi a 1980, har yau kuwa masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi a duniya suna komawa ga alƙaluman Garki.

Allon gilashi

Dabarar da ta zo daga baya mai sauƙin fahimta ce. A ɗauki gilashi kamar wanda ake ɗora jini a kansa a asibiti, tsawonsa inci uku, faɗinsa inci ɗaya. A tsaga shi gida gida a zuci, kamar rajista mai layi da shafi, a ɗiga furotin iri ɗaya a kowane gida, a rubuta a kwamfuta abin da ke gida na kaza. Sa'an nan a kawo ruwan jinin mutum, ƙasa da ɗigo ɗaya, a sirka shi, a malala a kan allon. Kowane dogari zai manne wa furotin ɗin da ya sani. A wanke sauran, a zuba wani rini mai kama dogarai kaɗai, a sa allon a na'ura mai haska shi. Duk gidan da ya yi walƙiya, mutumin nan yana da dogarinsa. Da haka ɗigo ɗaya ke amsa tambaya dubu a yini guda.

Mutane da yawa suka sa hannu kafin a kai nan. A 1963 wani masani a birnin New York, Bruce Merrifield, ya gano yadda za a ƙera feftaid da hannu: a ɗaure dutsen farko a jikin wani abu daskararre, a ƙara na biyu, a wanke, a ƙara na uku, haka har a gama. An ba shi lambar Nobel a 1984. A 1992 Ronald Frank na ƙasar Jamus ya nuna ana iya yin wannan ƙira ɗigo ɗigo a kan takarda, kowane ɗigo da irin nasa feftaid. A 2000 kuma MacBeath da Schreiber na Jami'ar Harvard suka jera ɗigon furotin fiye da 10,000 a kan gilashi guda.

Amma da me ake ɗiga su? Da fari da tsinken ƙarfe ne mai tsaga a baki, kamar alƙalamin kara. Inji ya tsoma shi a ruwan furotin, ya dangwala a gilashi, ya wanke, ya busar, ya koma na gaba. Duk wanda ya taɓa rubutu da tawada iri biyu da alƙalami ɗaya ya san aibin wannan: komai wanki, sauran ta fari kan gurɓata ta biyu. Wankin yana cin lokaci, bakin tsinken yana lalacewa, kuma ba shi yiwuwa a sake dangwala wani abu a kan ɗigon da aka riga aka ajiye ba tare da an ɓata shi ba. Aka gwada bututu mai feshi irin na injin buga takarda, shi kuma yakan toshe, wani irinsa ma da zafi yake aiki, furotin kuwa ba ya son zafi, dubi yadda farin ƙwai ke sauyawa a kasko.

Yadda sauti ke ɗaukar ruwa

Sauti kaɗawa ce da ke tafiya cikin iska, ko ruwa, ko ƙarfe. Wanda ya ga mata suna kiɗan ƙwarya a kan ruwa ya ga yadda fuskar ruwan ke rawa, har ɗige-ɗige su riƙa tsalle. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga wajen 20 zuwa 20,000 a sakan ɗaya. Abin da ya wuce haka ba mu ji, ko da yake jemage na ji, kuma irinsa ne ake duba cikin mata masu juna biyu da shi a asibiti.

A 1927 wasu Amurkawa biyu, Robert Wood da Alfred Loomis, suka sa dutsen ƙarau cikin mai, suka kaɗa shi da lantarki da tsananin sauri. Sai suka ga fuskar man ta yi tozo, tana feso ɗige-ɗige sama. Abin ya daɗe a matsayin abin kallo, domin ba a iya sarrafa shi ba. A 1989 Scott Elrod da abokan aikinsa na kamfanin Xerox, a Kalifoniya, suka bayyana yadda za a tattara sautin wuri guda, kamar yadda yara ke tattara hasken rana da gilashin tabarau su ƙona takarda. Idan aka tattara shi daidai fuskar ruwa, aka buga sau ɗaya, sai ɗigo ɗaya tak ya tashi, girmansa kuwa daidai da na wanda zai biyo shi. Su tawada suke nufin bugawa. A 2000 aka kafa wani kamfani mai suna Picoliter domin a juya dabarar ga aikin magani, Richard Ellson da Mitchell Mutz suka yi rajistar hanyoyin shirya allunan feftaid da ita. Kamfanin ya koma Labcyte a 2003, ya fitar da injin da ake kira Echo, a 2019 kuma Beckman Coulter ya saye shi.

Ga yadda injin ke aiki. Ana zuba ruwan furotin a wani faranti na roba mai 'yan rijiyoyi 384, ko 1,536, kowace da irin nata. A sama ana kifa gilashin da za a rubuta wa, fuskarsa na kallon ƙasa. A ƙarƙashin farantin akwai abin buga sautin, yana yawo daga wannan rijiya zuwa waccan. In ya zo ƙarƙashin rijiya sai ya fara aika ƙaramin sauti ya saurari amsa-kuwwa, da haka yake gane zurfin ruwan da kaurinsa, kamar mai jefa tsakuwa a rijiya ya kasa kunne. Sa'an nan ya daidaita, ya buga da ƙarfi, ɗigo ya tashi sama ya manne a gilashin, bai faɗowa sabo da ƙanƙantarsa, kamar raɓa a bayan ganye. Girman ɗigon nanolita 2.5 ne, watau cokalin shayi ɗaya na ruwa zai ba da ɗigo 2,000,000, kuma injin na iya tayar da ɗaruruwa a sakan guda.

Amfanin wannan a fili yake. Babu bakin da zai toshe, babu tsinken da za a wanke, babu abin da ya taɓa ruwan wannan rijiya ya je ya taɓa na waccan. Furotin da aka sha wahala kafin a samu ɗan kaɗan zai isa alluna masu yawa. Bugu da ƙari ana iya ɗora ɗigo a kan ɗigo. A 2009 Wong da Diamond na Jami'ar Pennsylvania suka nuna haka, suka jefa wani furotin cikin ɗige-ɗigen da aka riga aka jera, kowane a wurin da aka nufa. Wannan ne ya sa ake iya bin hanya biyu: ko dai a ƙera feftaid a wani wuri a kawo a jera, ko kuwa a cika rijiyoyi da amino asid iri 20 a riƙa gina kowane feftaid a gidansa, dutse bisa dutse, yadda Merrifield ya koyar. Masu bincike sukan yanka furotin mai tsawo guntu guntu, kowane guntu na hawa kan na bayansa, domin su gane daidai wurin da dogari ke cafka.

Gaskiya ita ce sauti bai kori sauran hanyoyin ba. Alluna masu feftaid dubu ɗaruruwa yawanci da haske ake ƙera su, tsinken ƙarfe ma har yanzu yana aiki, domin ya fi araha. Injin sauti kuɗinsa ɗaruruwan dubban dalar Amurka ne, kuma yana bukatar lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi marar ƙura. Inda ya fi kowa shi ne inda ruwan ke da tsada, ko ake son sauya tsarin allon yau da gobe, ko ake gudun gurɓata.

Abin da alluna suka faɗa a Mali

Abin da ya fi shafarmu shi ne amsoshin da irin waɗannan alluna suka bayar a ƙasar da daminarta da raninta suka yi kama da namu. A ƙauyen Kambila na ƙasar Mali aka ɗebi jinin mutum 220, yara da samari, kafin damina da bayanta, aka gwada a kan allo mai furotin 1,204 na ƙwayar zazzaɓi, aka buga sakamakon a 2010. Allunan nan da tsinke aka buga su, amma aikin ɗaya ne. Aka ga yawan furotin ɗin da jini ya sani yana ƙaruwa da shekaru. Aka ga dogaran yara suna hauhawa da damina, su zube da rani, shi ya sa yaro ke shiga kowace damina da rauni. Aka kuma ware furotin 49 waɗanda dogaransu suka fi yawa a jinin yaran da suka ƙetare damina ba su kwanta ba.

Akwai kuma wani bincike da zai ja hankalin mutanen masarautar da Ɗan Tunku ya kafa. Tun 1996 aka nuna a Burkina Faso cewa Fulani ba su kamuwa da zazzaɓi kamar maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe, alhali sauro ɗaya ke cizonsu. A 2015 Charles Arama da abokansa suka gwada jinin Fulani da na Dogon a Mali a kan allo mai furotin fiye da 1,000, suka tarar dogaran Fulani sun fi yawa, sun kuma san fuskoki da yawa. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar barin gidan sauro, domin sauƙi ne kawai ba tsira ba, 'ya'yan Fulani ma zazzaɓi na kashe su. Amma darasi ne cewa jinin kowace al'umma da irin labarinsa, abin da aka karanta a Mali ba lalle ne ya zama daidai da na Gwiwa ba.

Allurar rigakafin zazzaɓi iri biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, duka a kan furotin ɗaya aka gina su daga cikin fiye da 5,000. An fara ba yara R21 a Nijeriya a Disamba 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Suna rage cutar, suna ceton rai, amma ba su hana ta gaba ɗaya. Neman furotin na biyu da na uku da za a ƙara shi ne aikin da alluna ke yi. Nijeriya kuwa ita ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin duniya, ba wanda ya fi mu bukatar a samu.

Rabonmu a cikin aikin

Mai karatu zai ce, to, mu da ke Roni ina ruwanmu da injin da ke Kalifoniya? Ruwanmu babba ne. Injin ɗigo kawai yake jerawa, allon kuma walƙiya kawai yake nunawa. Walƙiyar ba ta da ma'ana sai an san jinin wane ne, shekarunsa nawa, a wane ƙauye, a wane wata aka ɗiba, ya kwanta a daminar nan ko bai kwanta ba. Da ba a rubuta wa yaran Kambila ranar da kowanne ya yi zazzaɓi ba, da ba a ware furotin 49 ɗin nan ba. Abin da ya sa ake tunawa da Garki bayan shekara hamsin ba tsadar kayan aikinta ba ne, kyawun rajistarta ne. Wannan kuwa aikin akawu ne, da malamin asibiti, da mai unguwa, da malamin makaranta. Ranar haihuwa da aka rubuta da ka, ko suna ɗaya da aka ba yara biyu, ya isa ya ɓata amsar da aka kashe dukiya wajen nema. Jinin kansa ba shi da wuyar aikawa, ana iya busar da ɗigonsa a kan takarda ta musamman a kai shi ko'ina.

Na biyu shi ne amana. Jama'armu suna ɗari-ɗari da masu ɗibar jini, kuma suna da dalili, domin ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Idan masu bincike suka zo gari, wajibin mai ilmi ne ya tsaya tsakani ya tambaya a madadin iyaye: ina takardar izinin hukumar lafiya, me za a yi da jinin, ina za a kai shi, yaushe za a dawo a faɗa wa gari abin da aka gani? In amsa ta gamsar, ya fassara wa mutane da Hausa mai sauƙi, ya kuma gaya musu wanda bai yarda ba ba a tilasta shi. In ba ta gamsar ba, ya sanar da hakimi da ofishin lafiya.

Na uku shi ne yaran da ke gabanmu a aji. Duk abin da ke cikin injin nan yana cikin darussan sakandare: kaɗawar sauti, tattara haske, ma'aunin ruwa, lissafin jeri. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ba sai yaro ya ƙetare teku kafin ya fara ba. Malami na iya ɗaukar ƙwarya da ruwa da ganga ya nuna wa ajinsa yadda sauti ke motsa ruwa, sa'an nan ya gaya musu inda wannan wasa ya kai waɗansu.

Kafin a kai ga allurar da ta cika, abin da ke hannu shi ne abin riƙo. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata wata da damina, a cike ramukan da ruwa ke kwanciya, a kai mai zazzaɓi gwaji tun ranar fari. Wanda kuma aka ba alƙalami da rajista, ya rubuta gaskiya, ya rubuta ta sosai, domin bai san ranar da masu allon gilashi za su zo nemanta ba. Allah ya raba mu da cuta, ya raya mana zuriya.